Yadda ake sauko da babban fayil daga kulawud ba tare da ya shaƙe kwamfuta ba

Akwai wata kalma guda ɗaya tal da duk wanda ya taɓa aiki a kan saba mai tsarin Linux (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa wasu aiki ta intanet) ya santa kuma baya son ganinta: Killed. Babu bayani, babu nuna maka layin da kuskuren yake, kawai baƙin allon nan ya ce maka an kashe, shikenan. Ni ranar da na fara cin karo da ita wani ɗan aiki aka ba ni, in rubuta ɗan kod da zai riƙa ɗauko bidiyoyin wani mai ɗaukar biki daga Amazon S3, wato ma'ajiyar fayiloli ta kamfanin Amazon da ke kan intanet, irin wadda ake ce wa kulawud, yana ajiyewa a kan wata ƙaramar saba. Na gwada da fayil mai megabayit 200 ya wuce sumul, har na fara jin kaina wani shege ne a harkar. Da daddare aka jefo masa na gaske, gigabayit 12, ita kuma sabar RAM ɗinta giga 2 ne kacal. Da safe na buɗe na tarar da wannan kalmar tana jirana, fayil kuma ko ɓurɓushinsa babu a kan diski.

Da farko netwok na ɗora wa laifi, dama shi muka saba ɗora wa komai. Ashe laifin yana cikin layi ɗaya da na rubuta da hannuna.

Abin da ya faru shi ne, yawancin hanyoyin da ake koya mana a farko na ɗauko abu daga intanet, suna kwaso fayil ɗin ne gaba ɗayansa su zuba a RAM, sai sun gama tukunna su miƙo maka ka rubuta a diski. A yaren Python in ka kira requests.get, umarnin ɗauko abu daga intanet, haka kawai ba ka ƙara masa komai ba, ba zai dawo maka da amsa ba sai ya shanye fayil ɗin kaf a memori. Haka in kana amfani da boto3, laburaren Python na magana da S3, ka kira get_object sannan ka ce wa Body ɗin read ba ka faɗa masa adadi ba. Ga ƙaramin fayil babu wanda zai lura, hoto mai mega 3 me zai yi wa RAM? Amma giga 12 cikin giga 2 ai ko a lissafin firamare baya shiga. Linux kuma yana da wani ɗan sanda a ciki da ake kira OOM killer, in ya ga memori ta ƙare sai ya duba wa ya fi kowa ci ya harbe shi, baya neman ba'asi. In a cikin Docker ne, manhajar nan da ke killace kod a akwatinsa, za ka ga lamba 137, duk labarin ɗaya ne.

Ka taɓa ganin mai shago yana ɗura man gyaɗa daga jarka zuwa kwalabe? Mazurari yake sawa a bakin kwalbar. Mazurarin nan ko kofi ɗaya baya ci, amma jarka guda za ta bi ta cikinsa ta wuce, saboda ba ma'aji ba ne, hanya ce. To matsayin da ya kamata RAM ta tsaya kenan in ana sauko da babban fayil. Ka ɗebo kaɗan, ka rubuta a diski, ka zubar da abin da ke hannunka, ka sake ɗebowa. Wannan shi masu harkar ke cewa sitirimin. Ni kuskurena shi ne na mai da mazurari randa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne dama can fayil ɗin ba a dunƙule yake zuwa ba. A kan waya gutsi-gutsi yake tahowa, ƙananan ƙunshi da yawanci basu wuce bayit 1500 ba kowanne, TCP, ƙa'idar da ke kula da jigilar bayanai a intanet, na jera su bi da bi. Wato intanet ɗin ita kanta a tsiyaye take kawo maka, laburaren da kake amfani da shi ne yake maka gwaninta ya tara maka su wuri ɗaya dan kar ka wahala. Saboda haka gyaran ba wani sabon fasaha ba ne, cewa kawai za ka yi ya daina tarawa. A requests sai ka sa stream=True, lokacin zai karɓo kan amsar kawai, wato bayanan girman fayil da irinsa, ya bar maka bututun a buɗe, kai kuma ka bi da iter_content kana ɗiba kana rubutawa. A Node, mai gudanar da kod ɗin JavaScript, akwai pipeline da zai haɗa maka bakin da ke shigowa da bakin fayil. A yaren Go io.Copy ne. Suna ne kawai ya bambanta.

Sai dai a nan akwai wani ɗan tarko da ya kama mutane da yawa. Shi iter_content ɗin nan in ba ka faɗa masa girman ɗiba ba, bayit ɗaya-ɗaya yake ɗebowa. Bayit ɗaya fa. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago, memori ta tsira amma aikin sai ya kwana ya wuni bai gama ba, kamar ka ce za ka kwashe tanki da cokalin shayi. In ka sa kilobayit 8, fayil mai giga 12 zai buƙaci zagaye wajen miliyan ɗaya da rabi, in ka sa megabayit 1 kuwa zagaye dubu 12 da ɗoriya ne. Ni dai tsakanin mega 1 zuwa mega 8 nake tsayawa, kuma ban ga amfanin dogon musu a kai ba, dan da zarar ka wuce nan abin da ke riƙe ka netwok ne ko diski, ba girman ludayi ba.

Wani zai ce to in ruwan ya fi ƙarfin mazurarin fa? Wato intanet na kawowa da gudu amma diskin na tafiyar hawainiya, kamar a ce kana rubutawa a kan tsohon filash. Wannan tambaya ce mai kyau kuma amsarta tana da daɗi. In kod ɗinka na ɗiba ya rubuta ne kafin ya sake ɗiba, matsalar ta warware kanta: yayin da kake jiran diski, ɗan wurin ajiyar da tsarin kwamfutar ya ware wa wannan haɗin zai cika, shi kuma TCP sai ya aika wa sabar can cewa dakata, babu wuri, sabar ta sassauta. Kamar mai shagon nan ne da zai ɗaga jarka in ya ga mazurari ya kawo baki. Inda ake samun matsala shi ne in ka raba aikin biyu, wani na ɗebowa wani na rubutawa, a tsakaninsu ka sa layin jira marar iyaka. Ko a Node ka riƙa kiran write kana ƙin kula da lokacin da ya ce maka ya ƙoshi. Nan fa memori za ta riƙa kumbura a hankali, ba lokaci ɗaya ba, kuma wannan ya fi wuyar ganewa dan a kan kwamfutarka mai diski mai sauri irin SSD ba zai taɓa nunawa ba, sai an kai shi kan na'ura mai rauni.

Na gyara wannan, RAM ta kwanta, na ce to an gama. Ashe tsugune bata ƙare ba.

Dan shi babban fayil matsalarsa ba girma kaɗai ba ce, lokaci ne. Bari mu yi lissafi. In kamfanin da ke ba ka intanet ya ce maka 20 Mbps, wannan ƙaramin b ɗin bit ne ba bayit ba, sai ka raba da 8, wato mega biyu da rabi kenan a daƙiƙa. Giga 12 a wannan gudun minti 80 ne, in komai ya tafi daidai. To wa zai ba ka tabbacin minti 80 babu ɗauke wuta, babu sabis ya yi ƙasa, babu wanda zai kira wayar da ka kunna hotsipot da ita? Wanda ya rubuta darasin da muke kwafa wataƙila yana zaune ne inda wuta bata ƙiftawa, mu kuwa dole mu rubuta kod ɗinmu da sanin cewa za a yanke, tambayar kawai a wane minti ne. Kuma duk yankewar da ta sa ka koma farko ka biya sau biyu, ga data ɗinka, ga kuma kuɗin da masu kulawud ke caja a kan kowane giga da ya fita daga wurinsu, dan su shigar da kaya yawanci kyauta ne, a fitarwa suke cin kasuwarsu.

Maganin wannan ya daɗe, tun HTTP/1.1 na 1997, ƙa'idar da burauza da saba ke magana da ita, yake nan, sunansa Range. Kana duba fayil ɗin da ke kan diskinka ka ga bayit nawa ka samu, a ce biliyan 7, sai ka ce wa saba ba ni daga bayit na biliyan 7 zuwa ƙarshe. In ta yarda za ta amsa da lamba 206, ma'ana ga wani ɓangare, sai ka buɗe fayil ɗinka ka ci gaba da ɗorawa daga inda ka tsaya. S3 da Google Cloud Storage da Azure duk sun san wannan yaren. Shi ne abin da wget -c ke yi, shi ne curl -C - ke yi, shi ne kuma sirrin IDM, manhajar sauko da fayil ɗin nan da muka taso muna gani a kafen intanet.

Amma dan Allah ka duba lambar da ta dawo kafin ka fara rubutu. Akwai sabar da za ta yi kunnen uwar shegu da Range ɗinka ta amsa da 200, wato ga fayil ɗin tun daga farko. In ba ka duba ba sai ka ɗora farkon fayil a kan tsakiyarsa, ka samu wani abu mai giga 19 da babu manhajar da za ta iya buɗe shi. Sannan akwai wanda ya fi wannan sharri, dan shi baya ihu: tsakanin yankewa da ci gabanka wani ya canza fayil ɗin a can sama. Rabin farko na tsohon ne, rabin ƙarshe na sabon, girma kuma yana iya yin daidai cif. Shi ya sa tun a buƙatar farko ake adana ETag, wata 'yar shaida ce da saba ke bayarwa wadda ke canzawa in fayil ya canza. In za ka ci gaba sai ka haɗa da If-Match ɗauke da wannan shaidar, in an taɓa fayil ɗin saba za ta ce maka 412, ka san sai dai a koma farko. Gara a faɗa maka gaskiya mai ɗaci da a ba ka gauraye.

Wasu ƙananan abubuwa guda biyu da suka taɓa cin min lokaci a nan. Na ɗaya, shi requests ba shi da wa'adin jira sai ka sa masa, in netwok ya mutu shiru ba tare da sallama ba zai zauna yana jira har Mahadi ya bayyana, kai kuma kana can kana zaton aiki na tafiya. Sa timeout. Na biyu, in da irin link ɗin nan mai sa hannu kake saukowa, wanda S3 ke bayarwa na ɗan lokaci, to wa'adinsa a lokacin fara buƙata ake dubawa. In ka fara kafin ya ƙare zai ci gaba ko da lokacin ya wuce, amma in ya yanke ka dawo bayan wa'adi sai ka ga 403, wato an hana ka. Dole kod ɗinka ya san yadda zai nemo sabon link, kuma mafi tsawon ran da ake ba irinsa kwana 7 ne.

Da wannan Range ɗin dai ake yin wata dabarar, raba fayil gida-gida a sauko da su lokaci ɗaya. Dalilin da ya sa take aiki shi ne nisa. Haɗin TCP guda ɗaya sai yana jin amsa daga gare ka yake ƙara turowa, in kuma wani ƙunshi ya ɓace a hanya sai ya rage gudu ya sake hawa a hankali, to in ma'ajiyarka tana Bajiniya ta Amurka ko Ayilan, kowace kai-komo tana cin lokaci, layi ɗaya ba lallai ya cika bututunka ba. AWS, sashen kulawud na Amazon masu S3, sun buɗe yankinsu na Afirka a Cape Town a 2020, amma da yawan mutane ma'ajiyarsu tana inda aka fara buɗe ta ne, babu wanda ya sake waiwaya. Wannan jinkirin na nisa shi ya sa download_file na boto3, in fayil ya wuce mega 8, yake yanka shi mega takwas-takwas ya saki ma'aikata 10 a tare, kowa ya rubuta nasa a gurbinsa. Ra'ayina a nan shi ne in kana S3 kuma baka da wani dalili na musamman, yi amfani da wannan kawai, kar ka ce sai ka ƙera naka. Abin da ya kamata ka sani dai shi ne yana sake gwada gutsuren da ya faɗi yayin da yake raye, amma in aka kashe shi gaba ɗaya, kamar wuta ta ɗauke, ba zai ɗora daga inda ya tsaya ba, daga farko zai koma. Kuma in bututunka dama ƙarami ne, ma'aikata 10 ba za su ƙara maka komai ba, kamar mutum goma ne a kan famfo ɗaya.

Yanzu mu zo ɓangaren diski, wanda shi aka fi rainawa.

Kar ka taɓa rubutawa kai tsaye da sunan ƙarshe na fayil. In sunansa biki.mp4, rubuta a biki.mp4.part, sai ka gama ka tantance sannan ka canza suna. Burauza ma haka take yi, shi ne crdownload ɗin da kake gani a Chrome. Hikimar ita ce duk wanda ya ga biki.mp4 ya san cikakke ne, ba za a samu wani kod ɗin ya zo ya ɗauki rabin kaya ya yi gaba da shi ba. Canza suna a cikin diski ɗaya abu ne na ƙiftawar ido, ko ya faru ko bai faru ba, babu rabi. Amma in ka ajiye na wucin gadin a wani diskin daban, to ba canza suna ba ne kuma, kwafi ne sabo na giga 12. Ajiye shi a folda ɗaya da inda zai zauna. Kuma a yi hattara da /tmp, a wasu nau'o'in Linux wannan foldar a cikin RAM take zaune, sai ka ga duk wahalar da ka sha ta kauce wa memori ka dawo ka zuba a memorin ta ƙofar baya.

Sannan in kod ya ce maka ya rubuta, ba lallai ya kai diski ba tukunna. Tsarin kwamfutar yana riƙe rubutun a memori ya riƙa sauke shi a hankali, shi ya sa wani lokacin za ka duba ka ga RAM kamar ta cika alhali kana sitirimin daidai, kar hankalinka ya tashi, wannan aro ne, da an buƙaci wurin zai saki. Inda abin ke da haɗari shi ne wuta ta ɗauke a daidai wannan gaɓar, ka dawo ka ga suna ya canza amma ƙarshen fayil bai sauka ba. Maganin shi ne fsync kafin canza suna, wato ka tilasta masa ya sauke komai. Dalilin da ya sa ake cewa ka yi ijet kafin ka zare filash ma kenan, ba tsirfa ba ce.

To ta ina za ka san abin da ya sauka shi ne abin da ke sama? Matakin farko ka gwada girma da Content-Length, wato girman da saba ta faɗa a kan amsarta. Wannan zai kama yankewa, amma ba zai kama ruɓewa ba. Na biyu shi ne lissafin hash, wata 'yar lamba da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil kamar zanen yatsansa, irin su SHA-256 da MD5, kuma daɗin abin shi ne shi ma ana yinsa a tsiyaye, duk ɗibar da ka yi kafin ka rubuta sai ka miƙa wa SHA-256 ya lasa, kana gamawa sakamako na hannunka ba sai ka sake karanta fayil ba. In ci gaba ka yi bayan yankewa ne dai sai ka fara bi ta kan abin da ke diski. Mutane da yawa suna ɗauka ETag na S3 shi ne MD5 na fayil, wani lokacin haka ne, amma in an ɗora fayil ɗin gida-gida ne, wanda kusan duk babban fayil haka ake ɗora shi dan ɗorawa ɗaya bata wuce giga 5, za ka ga ETag ɗin da ɗan karan ɗori (-) da lamba a ƙarshe, wannan lambar adadin gutsattsarin ce, kuma ba zai taɓa yin daidai da MD5 ɗinka ba komai lafiyar fayil ɗin. Na taɓa share fayil mai lafiya sau biyu saboda wannan. Google su wani irin hash ɗin mai suna CRC32C suke bayarwa a kan kowane fayil. Abin da ya fi sauƙi in kai ne mai ɗorawa, lissafa SHA-256 tun a gida ka ajiye shi kusa da fayil ɗin.

Akwai kuma batun gzip, in saba ta matse fayil ta turo, iter_content zai warware shi a hanya, sai abin da ka rubuta ya fi Content-Length yawa, lissafin Range ɗinka ma ya rikice. Bidiyo da zip ba kasafai abin ke shafarsu ba, amma manyan fayilolin rubutu irin CSV yana faruwa.

Da na haɗa duk wannan, kod ɗin da ya fara da layi 3 ya koma wajen layi sittin, ya sauko da giga 12 ɗin nan a kan sabar mai giga 2 ba tare da ta ko yi tari ba, an yanke a hanya ya tashi ya ɗora. Washegari mai bidiyon ya zo da filash ɗinsa sabo dal mai giga 32 a zuba masa, muka fara kwafi kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Ya dube ni na dube shi, ya ce malam ba ka ce an gama ba? Filash ɗin da tsarin FAT32 aka yi masa fomat, shi kuma FAT32 baya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4 ko da wuri ya kai filin idi. Sai da muka kwashe 'yan hotunan da ya riga ya zuba a ciki, muka yi masa fomat zuwa exFAT, sannan ya shiga.